Dambe, Kareti ko Judo: Wanne Zai Dawo da Yaranmu Gida Lafiya?

Zuwa ga 'yan'uwa mazauna Ibadan da kewaye.

A zamanmu na ƙarshen wata matasa sun kawo buƙata a rubuce. Suna son ƙungiya ta nemo musu mai koyar da dabarun kare kai, ta kuma ɗauki wani kaso na kuɗin. Dalilinsu a fili yake. Cikin 'yan makonnin nan an tare biyu daga cikinsu da dare an ƙwace musu waya, an kuma fasa wa wani mai shayi baki a kan canjin da bai taka kara ya karya ba. Babu wanda ya ƙi buƙatar. Inda aka rabu shi ne abin da za a koya. Wasu suka ce dambe, tunda namu ne. Wasu suka ce kareti, wasu taikwando, wasu kuma irin faɗan keji da suke kallon Kamaru Usman yana yi a waya. Aka kusa awa guda ana musu, sai dattawa suka ce kwamiti ya je ya gani da ido ya dawo da shawara. Mun je wurare uku, mun zauna mun kalli atisaye, mun tambayi masu horarwa. Ga abin da muka tsaya a kai da dalilanmu, domin kowa ya auna kafin zama na gaba.

Shawararmu ita ce a fara da judo. Idan ba a samu mai koyar da judo a kusa ba, a nemi mai koyar da kokawa. Wanda ya yi shekara guda yana zuwa, aka ga natsuwarsa, sai ya ƙara da damben boksin idan yana so. Mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman masoya dambe, waɗanda mu ma muna cikinsu. A daure a karanta har ƙarshe.

Mece ce nasara a faɗan titi?

A gidan dambe nasara ɗaya ce: ka buge abokin karawarka ya kai ƙasa, a ce an yi kisa, makaɗa su ɗauka. A titin Mokola ko bakin kasuwar Bodija lissafin ya sha bamban. Yaron da aka tare yana da abubuwa uku da zai tsirar: jikinsa, 'yancinsa, da zaman lafiyar jama'ar da ya fito daga cikinta. Idan ya buge mutum ya kwana a Iyaganku, bai ci ba. Idan ya buge mutum aka ƙona rumfunan 'yan'uwansa, asarar ta ninka ta waya sau dubu.

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. A watan Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha ya taso ne daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago a kan kayan da suka zube a ƙofar shagonta. Wani mai gyaran takalmi ya shiga maganar, aka buge shi, daga baya ya rasu. Abin da ya biyo baya duk mun gan shi: rayuka sun salwanta ta kowane ɓangare, shaguna da gidaje sun ƙone, mata da yara sun kwana a waje, gwamnati ta rufe kasuwar, har sai da gwamnoni suka taso daga arewa. Mutanen da suka shekara talatin suna ciniki tare suka wayi gari ba sa iya haɗa ido. Bugun da aka yi a ranar farko bai ɗauki daƙiƙa biyu ba.

Saboda haka ma'aunin da mai zaune a garinsu zai yi amfani da shi ya bambanta da namu. Bahaushen da ya yi faɗa a Kano shi kaɗai ya yi faɗa. Wanda ya yi a nan, kafin magariba labarin ya koma "Hausawa sun yi kaza". Babu adalci a cikin haka, amma haka yake faruwa ga baƙo a ko'ina, har da baƙin da ke zaune a garuruwanmu na arewa. Duk abin da za mu koya wa yaranmu, dole ya zama ya ba su hanyar fita daga rigima ba tare da sun bar gawa a baya ba.

Doka ma a nan ta tsaya. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai, amma da ƙarfin da ya zama dole gwargwadon hali. Sashe na 286 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudu ya yarda wanda aka kai wa hari ba tare da ya tsokana ba ya kare kansa, da sharaɗin kada ƙarfin ya zama mai iya kisa ko mummunan rauni, sai fa idan shi kansa yana fuskantar mutuwa ko mummunan rauni kuma ba shi da wata mafita. Ma'ana, idan an mare ka ka fasa wa mutum kai, kai ne mai amsa tambaya. Idan ya juya yana gudu ka bi shi ka cim masa, ka fita daga kare kai ka shiga ramuwa. Tuhumar kisan kai kuwa ba irin wadda shugaban ƙungiya zai je ofishin 'yan sanda ya karɓo belinka ba ce. Sai babbar kotu, ita ma da ƙyar. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Abin da muka duba a wuraren da muka je

Mun tafi da tambayoyi uku. Ta farko: abokin atisayen yana turjewa da gaske, ko tsayawa yake kamar gunki a yi masa abin da aka ga dama? Wannan ita ce babbar tambaya. Ranar da aka ci kwalarka da gaske, zuciya tana bugawa, hannu yana rawa, ido ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa. A wannan hali dabarar da ka haddace mai matakai bakwai gudu take ta bar ka. Abin da ke saura shi ne wanda jikinka ya maimaita sau ɗaruruwa a kan mutumin da ba ya son ka yi nasara.

Ta biyu: me ake fara koya wa sabon shiga, yadda zai cutar da wani ko yadda zai tsira? Ta uku: yaron da ke dako ko okada daga safe zuwa yamma zai iya zuwa sau biyu ko uku a mako har shekara, ko wurin ya yi nisa, kuɗin ya yi yawa? Wasan da ya fi kowane kyau a duniya ba shi da amfani ga wanda ya je sau huɗu ya daina.

Dambe

Mu fara da namu. Babu mai raina dambe a cikinmu. Mun taso muna jin sunan Shago da waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi masa, kuma har yau idan 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada za su sa zare, wasunmu ba sa iya zama a gida. Ɗan dambe yana da abin da kuɗi ba ya saya: ya saba da naushi, ba ya rufe ido, ba ya firgita. A tambayarmu ta farko dambe ya ci, domin babu wasa a cikinsa.

A ta biyu ne ya faɗi. An gina dambe a kan hannu ɗaya da aka naɗe da zare, ɗayan yana tsaro, kuma duk turmi ukun neman abu guda ake yi: bugun da zai kai mutum ƙasa. A fili mai yashi, da alƙali a tsakani, wannan wasa ne. A kan kwalta ko kankaren bakin kwata, mutumin da ya suma a tsaye ba ya tare faɗuwarsa, ƙeyarsa ce ke fara isa ƙasa, kuma sau da yawa wannan faɗuwar ce ke kisa. Naushi ba shi da rabi. Idan ya tafi ba ka da ikon cewa ga iyakar ɓarnar da zai yi. Ban da haka, hannun da babu zare ko safa yana karyewa idan ya haɗu da ƙoƙon kai, musamman ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Idan kuma haƙorin mutum ya yanki gaɓar yatsa, ciwon yana saurin ruɓewa. Ɗan dako mai karyayyen hannu ya yi sati shida ba ya aika wa gida ko sisi. A ƙarshe, yadda ake koyon dambe shi ne a sha bugu a kai ba tare da kariya ba, kuma duk mun san tsofaffin 'yan damben da jikinsu ya biya wannan bashi. Mu riƙe dambe a matsayin wasanmu da gadonmu. Kada mu miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai shi a matsayin maganin ɓarawon waya.

Kareti da taikwando

Yawancin masu son waɗannan daga fim suka ɗauko son, tun zamanin Bruce Lee da Jackie Chan a gidajen kallo. A fim mutum goma suna jira a layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya karɓi rabonsa. A titi tare suke zuwa, ɗaya ta baya.

Ba muna cewa wasannin banza ne ba. Taikwando ya kawo wa Najeriya lambar tagulla ta hannun Chika Chukwumerije a gasar Olamfik ta 2008, ya kawo wa maƙwabciyarmu Nijar lambar azurfa ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016. Yaron da ke son gasa, ko wanda ake son ya koyi ladabi da motsa jiki, zai amfana. Sai dai ƙarfin taikwando yana ga shurin sama, shi kuwa shurin sama yana barin mutum a kan ƙafa ɗaya. A gwada shi da kaftani da silifas a ƙasa mai santsin ruwan tumatir a ga yadda za a ƙare. Kareti kuma ya danganta da makaranta. A ɗaya daga wuraren da muka je mun kalli awa guda da rabi, yara suna naushin iska a jere, gwanin sha'awa, amma ko sau ɗaya ba mu ga biyu sun kara ba. Akwai makarantun kareti da ake karawa da gaske, waɗannan daban ne. Sai mutum ya je ya gani kafin ya biya.

Faɗan ƙasa da faɗan keji

Matasanmu masu waya sun fi kawo maganar jujitsun Burazil da faɗan keji, kuma suna da hujja. A gasar UFC ta farko a 1993, Royce Gracie, wanda bai kai abokan karawarsa girma ba, ya riƙa kai su ƙasa yana shaƙe su har suka miƙa wuya. Daga ranar duniya ta gane cewa wasan da ba a gwada shi a kan mai turjiya ba ado ne kawai. Mun yarda da wannan darasi, shi ne ma tambayarmu ta farko.

Amma a kejin mutum biyu ne, babu wuƙa, babu fasasshiyar kwalba, ƙasa a shimfiɗe take, ga alƙali a tsaye. Wanda ya kwanta a kan mutum a tasha yana neman murɗe masa hannu ya ba abokin mutumin damar harbin kansa kamar ƙwallo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya kamata a ɗauko daga faɗan ƙasa shi ne yadda za ka zame daga ƙarƙashin mutum ka miƙe. Su kuma masu ganin horo yana sa mutum ya gagara, su tuna watan Agustan 2022. Kamaru Usman, zakaran duniya, yana gaba da maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya sa masa ƙafa ɗaya a kai ya faɗi sumamme. Idan haka ta samu wanda faɗa ne sana'arsa, a wurin da ake da likita a gefe, ina ga wanda ya yi wata uku yana zuwa atisaye da yamma?

Dalilin da ya sa muka zaɓi judo

Wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882 sunansa Jigoro Kano. Da aka faɗi sunan a kwamiti wani dattijo ya ce ashe ma ɗan gida ne. Bajapane ne, malamin makaranta. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsohon faɗan ƙasarsu ya ware dabarun da ba za a iya gwada su ba sai an nakasa mutum, ya bar waɗanda ɗalibai za su iya yi wa juna da dukkan ƙarfinsu kullum, su tashi lafiya su dawo gobe. Har yau 'yan sandan Japan suna koyon judo, su kuwa aikinsu kama mutum ne ba tare da sun kashe shi ba.

Abu huɗu muka gani da suka dace da halinmu.

Na farko, darasin farko a judo faɗuwa ce. Makonni ake yi ana koya wa sabon shiga ya manne haɓa da ƙirji, kada ya kafa tafin hannu ya tare ƙasa, ya watsa nauyinsa ya mirgina. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a shekarar nan mutum nawa muka kai asibiti ko wurin mai ɗori saboda faɗa, nawa kuma saboda faɗuwa daga babur ko daga saman motar kaya? Mai yiwuwa yaro ya yi shekara goma ba a tare shi ba, amma da wuya ɗan okada ya yi shekara goma bai faɗi ba. Wannan ba ya maye gurbin hular kwano, ƙari ne a kanta.

Na biyu, judo da riga ake yin sa. Rigimar kasuwa da ta tasha yawanci da cin kwala take farawa, ko jan hannu, ko turi. Ɗan judo kullum a cikin wannan yake: an riƙe masa wuyan riga, yana neman ɓamɓare hannun, yana hana a ja shi. Kaftani da jamfa da muke sawa sun fi kama da rigar judo fiye da gajeren wandon ɗan boksin.

Na uku, yana koya wa mutum tsayawa da ƙafarsa. Wanda ba a iya kayar da shi ba yana da damar gudu, wanda ya kai ƙasa a tsakiyar mutum uku sai dai addu'a. A nan ne kokawa ta zo daidai da judo. Yaranmu da suka taso a ƙauye suna kokawa bayan girbi sun riga sun zo da rabin karatun, kuma duk mai bin gasar takobi ta Nijar ya san yadda ƙaramin mutum mai dabara yake gagarar ƙato.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a wurinmu, judo yana da matakai. Kana iya ƙwace hannunka ka ja da baya. Kana iya riƙe mutum ya kasa motsi har jama'a su raba. Kana iya zaunar da shi a ƙasa ka wuce. Maye ne ya zo yana tangaɗi a bakin teburin mai shayi, ko ɗan'uwanka ne ya fusata a wurin rabon kuɗi, duk ba sa buƙatar a fasa musu fuska. Kada kuma a fahimce mu a karkace. Wanda aka ɗaga aka maka da kai a kan kankare zai iya mutuwa kamar wanda aka nausa, ko fiye. Bambancin shi ne ɗan judo yana da zaɓi kafin a kai nan, kuma mai horarwa na kirki yana koya masa ya riƙe hannun wanda ya kayar don kada kansa ya bugu.

Judo yana da nasa giɓin. Ba a naushi a cikinsa, don haka ɗan judo zalla bai saba ganin hannu yana tahowa fuskarsa ba. Shi ya sa muka ce a ƙara da boksin daga baya. Garin nan yana da tarihi da shi: a filin wasa na Liberty ne Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a watan Agustan 1963 ya riƙe kambinsa na duniya. Abin da muke so daga boksin shi ne rufe fuska, kauce wa bugu, aikin ƙafa, sanin tazara, da numfashi. Wanda bai taɓa yin turmi ɗaya na minti uku ba bai san yadda ƙarfi ke ƙarewa ba. Amma a yi shi da safar hannu da robar kare haƙora, kuma kada a riƙa bugun kai da ƙarfi a atisaye.

Maganar wuƙa da bindiga

A wuri na uku da muka je, mai horarwar ya ce cikin mako biyu zai koya wa yaranmu ƙwace wuƙa da bindiga. Ya nuna mana a kan ɗalibinsa, wanda ya kawo sukan a hankali ya tsaya da hannu a miƙe. Sai muka roƙe shi mu yi gwaji. Muka ba wani yaronmu ɗan shekara goma sha shida maka, irin wadda malamai ke rubutu da ita a farin allo, muka ce ya ɗauka wuƙa ce, ya yi yadda ya ga dama. Babban ɗalibin wurin, mai baƙar ɗamara, ya sa farar singileti. Kafin a ƙirga goma ya ƙwace makar, amma da muka duba singiletin da hannayensa mun ga zane a ciki, a haƙarƙari, da gefen wuya. Kowa ya yi shiru.

Duk wanda yake shakka ya gwada wannan a gida da ƙaninsa. Matsayinmu a nan ba shi da kwana: idan an nuna maka ƙarfe ana neman waya ko babur, ka bayar. Ka jefa abin gefe guda, kai ka bi ɗaya gefen. Ana sake sayen waya. Idan ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma babu kunya ga wanda ya gudu ya kwana a ɗakinsa. Inda za a tsaya a yi ta maza shi ne inda babu mafita, kamar a ce ana neman tura ka cikin mota ko jan ka zuwa lungu, ko rayuwar wani na hannunka.

Haka nan masu dogaro da maganin ƙarfe da layu. Ba mu zo musu da kowa a kan abin da ya gada ba. Abin da muka sani shi ne wannan ƙungiya ta taɓa haɗa kuɗin ɗinki ga wanda ya shiga rigima da guru a ƙugunsa. Su kuma masu cewa gara yaro ya riƙe 'yar wuƙa a aljihu, su sani ita ce ke mayar da cacar baki shari'ar kisa, kuma ita ce hujjar farko da za a ɗaga a kotu.

'Ya'yanmu mata

Buƙatar da aka kawo ba ta ambaci mata ba, mu muka ƙara. 'Ya'yanmu suna zuwa makaranta da Islamiyya, suna shiga tasi da keke su kaɗai, wasu suna talla. Abin da ke samun mace sau da yawa ba ya farawa da naushi. Yana farawa da magana, da riƙe wuyan hannu, da tare hanya, kuma sau da yawa daga wanda ta sani ne. Ƙwace hannu, fita daga riƙo, tashi daga ƙasa, ɗaga murya da gudu zuwa cikin mutane, duk ana koyon su. Muna ba da shawarar a nemo mace mai horarwa, a ware musu lokaci, iyaye mata su riƙa raka su. Rigar judo ta rufe jiki, ana kuma iya sa wata a ƙarƙashinta. Wasu iyaye sun tambayi maganar sunkuyawar da ake yi wajen gaisuwa. Mun tambayi masu horarwa biyu, sun ce a wurin atisaye musafaha ko gaisuwa a tsaye ta wadatar. Wanda bai gamsu ba ya tuntuɓi malaminsa kafin ya sa ɗansa.

Sharuɗɗan da muke roƙon zama na gaba ya amince da su

A yi horon a fili, a wurin da kowa ya sani. Filin wasa na Adamasingba yana nan kusa da Sabo, can ya kamata a fara neman mai horarwa mai takarda wanda hukumar wasanni ta san da shi. Kada a tara samari talatin a bayan wani gida da dare, gobe a ce Hausawa suna horar da mayaƙa. A sanar da sarakunanmu, da shugabannin unguwa, da 'yan sandan yankin kafin a fara.

A buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da sauran ƙabilu. Yaran da suka yi shekara suna kayar da juna suna ɗaga juna, ranar da rigima ta tashi su ne za su shiga tsakani, domin kowa ya san sunan ɗan'uwansa. Muna ganin wannan kariyar ta fi kowace dabara da za a koya a kan katifa.

Duk wanda bai kai shekara goma sha takwas ba ya zo da izinin mahaifi ko wanda yake hannunsa. Duk wanda aka samu ya tsokani faɗa a waje, ko ya je yana gwada abin da ya koya a kan mutane, a cire sunansa. Ana samun irin wannan a watannin farko, lokacin da yaro ya san kaɗan yana jin ya san komai. Wanda ya daɗe, aka sha kayar da shi, shi ne ke yin sanyi. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa jarumtar gaske tana ga mai mallakar kansa lokacin fushi.

A guji mai horarwar da ke alkawarin baƙar ɗamara cikin watanni, ko wanda ba ya yarda a zauna a kalla, ko mai dukan yara da sunan ƙarfafa su, ko wanda ke haɗa sabon shiga da tsohon hannu a ranar farko.

Sannan a ware minti goma a kowane zama don abin da ba ya buƙatar katifa: kada a riƙe waya a kunne a hanya mai duhu, a dawo daga kasuwa bibbiyu, a duba waɗanda ke cikin tasi kafin a shiga, ɗan okada ya ƙi kai fasinja lungun da bai sani ba bayan isha, kowa ya haddace lambar gaggawa ta 112. A kuma koyi ba da haƙuri da harshen mutanen gari. Kalmar ban haƙuri ɗaya da Yarbanci, da hannu biyu a buɗe a gaban ƙirji, ta kashe rigimar da ta fi ƙarfin kowane ɗan dambe. Hannun da ke buɗe a nan kuma ya riga ya tsare fuska idan abin ya ƙi.

Wani zai ce duk wannan tsoro muke koya wa yara, kuma idan aka san ba ma ramawa za a raina mu. Mun ji wannan a zaman da ya wuce, kuma mun fahimci zafin da ke bayansa. Amsarmu ita ce iyayenmu sun fi shekara ɗari a Sabo, kuma abin da ya zaunar da su shi ne amana a ciniki, haƙuri, da sanin ƙofar da ake bugawa idan an zalunce su. Wanda aka cuta ya kawo ƙara, ƙungiya za ta bi masa haƙƙinsa ta hanyar hukuma, kamar yadda ta saba. Yaron da ya san ba za a iya kayar da shi cikin sauƙi ba, ba ya buƙatar nuna wa kowa komai, shi ne ma ya fi iya juya baya ya tafi.

Wannan shi ne ra'ayin kwamiti. Wanda yake da gyara ko ya san mai horarwa nagari, namiji ko mace, ya kawo a zama na gaba, za a saurare shi. Iyaye kuma muna roƙon ku zo da kanku, kada ku bar wa matasa zaman su kaɗai.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya kare mu daga sharrin zuciya da na masu sharri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakatare, a madadin kwamiti.